Giɓin Da Mai Tauraro Ya Kasa Rufewa

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ba da madaɓi ba, ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya auna kowane abu ya ba shi gwargwadonsa. Bayan haka, ya ku masu sauraro, ni ce Tasalla 'yar Nomau, mutuniyar Karmantudu, garin da ke bayan tafkuna bakwai, inda rana ke fitowa ja ta faɗi shuɗiya. Na yi tafiyar da ta cinye mini takalma goma sha ɗaya da haƙora biyu. Abin da zan ba ku labari, da idona na gan shi, da hannuna na taɓa shi, wanda kuma ya ga dama ya ƙaryata, ga igiya ga ƙasa, ya je ya gwada.

Sana'ata daɓe ce, gadon uwata. Ina zuba tsakuwa, in yayyafa ruwa, in yi ta bugu da madaɓi har ƙasa ta yi santsi, in shafe ta da makuba ta yi ƙyalli. Ina da shekara arba'in ba biyu, mijina ya rasu, 'ya'yana kowa ya kama gabansa, sai aka soma gina wani soro mai kusurwa takwas a kasuwarmu. Na tsaya kallon yadda ake jan igiyar harsashi, na ga gefe ɗaya ya ɗara 'yan'uwansa da kusan kamu guda. Na faɗa wa Sarkin Magina. Ko dubana bai yi ba, ya ce in jira su gama a kira ni in buga ƙasa, awo ba na mata ba ne. Na tambaye shi, to shi ta yaya yake gane kusurwa ta daidaita? Sai ya sa aka kore ni. A hanyar gida na gane shi bai sani ba, ni ma ban sani ba. Nasa rashin sanin bai dame shi ba, nawa kuwa ya hana ni cin tuwo.

Fatake masu gishiri suka ba ni labarin wani makaho, Malam Arzika, masanin awo, da ke zaune a Tsaunuka Tara. Na sayar da awakina, na ɗaure madaɓina a baya kamar goyo, na bi ayari.

Wata biyar muna tafiya kafin muka iso bakin Ramin Iska. Rami ne wanda ba a ganin gindinsa, gajimare na yawo a ƙasa da ƙafar mutum, mutanen wurin kuma suna jefa koma cikin gajimaren su kamo tsuntsaye kamar yadda masunta ke kamo kifi. Daga cikin ramin duwatsu tara suka miƙe, dogaye kamar ginshiƙai, kowanne da unguwa a kansa. Sun yi da'ira, tazarar kowanne da maƙwabcinsa daidai take, sai ka ce da hannu aka dasa su. Gadojin igiya tara sun kewaye gefe, daga dutse zuwa maƙwabcinsa. Wasu gadojin kuma sun ratsa tsakiya, har ya zama babu dutsen da ba shi da hanya kai tsaye zuwa kowane dutse.

Na tarar lokacin sauya igiyoyi ya yi. Da na gaida Malam Arzika na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya ce in bar gadojin gefe, in gaya masa igiya nawa za a murɗa domin gadojin da suka ratsa tsakiya. Na yi lissafi a zuci. Kowane dutse ba ya aika igiya ga kansa, ba ya aikawa ga maƙwabtansa biyu, saura shida. Shida sau tara, hamsin da huɗu. Na faɗa da ƙarfin gwiwa. Bai ce daidai ba, bai ce kuskure ba. Ya sa aka jibge mini rama a gabana, ya ce tunda na faɗa, in murɗa.

Wata huɗu ina murɗa igiya, tafin hannuna ya tsage ya warke ya sake tsagewa. Ranar da aka ɗaura, aka gama gadoji duka, sai ga igiya ashirin da bakwai a jibge, ba inda za a sa su. Mutanen tsaunuka tara suka yi mini dariya har tsuntsaye suka tashi. Ban gudu ba. Na hau kan tulin igiyar na zauna, na ce ba ni ba abinci sai na gano inda na ɓata. Rana ta biyu, ina riƙe da igiya ɗaya ina juya ta, na ga tana da kai biyu. Igiyar da dutsen farko ya aika wa na biyar ita ce dai wadda na biyar ya aika wa na farko. Sau biyu na ƙirga kowacce. Na je na gaya wa Malam. Ya laluba tafin hannuna ya ji kantar da ta fito, ya ce, "Da na gaya miki, da kin manta kafin damina. Zauna, 'yata."

Shekara uku na yi a wurinsa. Daga abin da ya koya mini, abu ɗaya zan faɗa muku, don shi ne ya jefa ni a rami, shi ne kuma ya fitar da ni. Ya sa na bi gadojin gefe ina kewayawa, in na iso kowane dutse in lura da yadda nake karkata kafin in kama gada ta gaba. Da na dawo inda na tashi, na sami fuskata na kallon inda ta kalla da fari. Karkata tara na yi, suka haɗu suka zama juyi guda cikakke. Ya ce haka abin yake ga kowace siffa mai gefuna daidai da kusurwoyi daidai, uku ne gefunanta ko dubu. Masana sun raba juyi guda kashi ɗari uku da sittin, miƙaƙƙen layi kuma rabin haka ne. Raba juyin da yawan gefuna, ka sami karkata ɗaya. Cire karkatar daga miƙaƙƙen layi, abin da ya rage shi ne faɗin kusurwa.

Da ya ce ba shi da sauran abin ba ni, na yi masa sallama na nufi yamma. Na ƙetare hamadar da yashinta ke kuka in an taka shi, na sha daga kogin da ke gudu sama zuwa tudu, har na shiga wata ƙasa mai kyan gona wadda ciyawa ta cinye. Ƙauye bayan ƙauye, ba kowa sai mata da tsofaffi. Suka ce mini shekara bakwai ke nan da aka kwashe mazajensu zuwa mafasar dutse, aikin sarki, kuma wanda ya dawo da ƙafarsa sai in yatsunsa sun ragu. Suka ce in ɓoye kayan aikina kafin in isa birni. Na ce ban sato su ba.

A ƙofar Birnin Tauraro masu gadi suka ga madaɓi da igiyar awo, suka kama ni. Suka kai ni gidan Sarkin Awo, wani dattijo mai taushin murya da ake kira Gwadabe. Ya sa aka kawo mini fura, sannan ya warware mini zance. Birnin nan gefe biyar gare shi da ƙofa biyar, ɗaya a kowace kusurwa, kuma hanyoyi biyar ɗin da suka ratsa daga ƙofa zuwa ƙofa sun zana tauraro a tsakiya, shi ya sa ake kiran sarkinsu Mai Tauraro. Sarkin ya yi rantsuwa a gaban jama'a cewa zai shimfiɗe babban zaurensa da shuɗin dutse, kowane yanki mai gefe biyar daidai da kusurwa biyar daidai irin siffar birnin, a jera su ba giɓin da allura za ta shiga, ba kuma a gauraya da wata siffa. Manyan magina goma sha ɗaya sun gwada. Duk wanda ya kasa, ana saukar da shi cikin Zobe, kurkukun da ba a fita. Yanzu an ƙare maginan ƙasar, shi ya sa ake kama baƙi.

Ya rage murya ya ba ni shawara. In nemi wa'adin shekara uku. In riƙa goge gefen duwatsun kaɗan kaɗan a ɓoye, in cike abin da ya rage da shuɗin yumɓu, in sa a shimfiɗa darduma. Kafin asiri ya tonu na ci mai kyau na sha mai kyau, wataƙila ma sarki ya mutu. Na tambaye shi ko ya san abin ba mai yiwuwa ba ne.

"Tun kafin a fasa dutsen farko na sani," in ji shi. "Amma 'ya'yana tara ne, baiwar Allah."

Na tambaye shi masu fasa dutsen fa, 'ya'yansu nawa ne? Na ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, ya kai ni gaban sarki da safe. Ya roƙe ni, ya yi mini barazana, ya sake roƙo, na ce ya kai ni.

Zauren ya fi kasuwar garinmu faɗi, rufinsa na zinariya, ƙasansa kuwa rairayi ne tsura. Mai Tauraro na zaune a kan karaga mai ƙafa biyar, mutum ne siriri wanda bai wuce sa'an ɗana na fari ba. Na durƙusa na yi gaisuwa yadda ta kamata. Ya tambaye ni shekara nawa nake bukata. Na ce ba na bukatar ko yini ɗaya, a ba ni duwatsu huɗu.

Aka kawo. Na share rairayi da hannu, na ajiye uku, kusurwa na taɓa kusurwa a wuri ɗaya, gefe manne da gefe. Tsakanin na farko da na uku wani siririn giɓi ya buɗe baki. Na ɗauki na huɗu na ɗora, ya hau kan 'yan'uwansa ya ƙi kwanciya. Na ce, "Ranka ya daɗe, kewayen wuri ɗaya kashi ɗari uku da sittin ne. Kusurwar dutsen nan ɗari da takwas ce. Uku sun ba da ɗari uku da ashirin da huɗu, saura talatin da shida babu. Huɗu kuma sun yi yawa. Mai gefe uku zai kwanta, mai huɗu zai kwanta, mai shida zai kwanta, na kuwa iya shimfiɗa maka kowanne. Mai biyar ba zai kwanta ba."

Sarki ya juya ga Gwadabe ya tambaye shi ko gaskiya ne. Gwadabe ya sunkuyar da kai, ya ce baƙuwa ce, ba ta san girman ikon sarki ba. Sarki ya ce mini rantsuwa ya yi, kuma a birnin nan abin da ya faɗa shi ke zama. Ya ba ni dama in janye maganata in karɓi wa'adi.

Na ce, "Allah ya ja zamaninka, ikonka ya kai kan wuyana, bai kai kan giɓin nan ba. Ko ka zuba magina dubu a Zobe, gobe da safe za ka same shi talatin da shida."

Ya sa aka huda dutsen na huɗu aka rataya mini a wuya, ya ce in je da shi in yi ta nazari. Madaɓina ma aka bar mini, don ba'a, wai in daɓe kabarina.

Zobe yana bayan birni. Wani dogon lungu ne tsakanin katanga biyu na dutse mai santsi, tsawonsu ya fi bishiyar kuka uku a kan juna, faɗin lungun taki shida. Aka sauke ni da igiya kan wani dogon dakali da ke wata kusurwa. Nan na tarar da tsofaffi huɗu, su ne suka rage daga magina goma sha ɗaya. Babbansu Baba Shekarau, wanda ya shekara shida a ciki, gemunsa ya kai cibiya. Shi ya gaya mini yadda wurin yake. Lungun yana miƙewa taki dubu biyu, ya karkata kaɗan, ya sake miƙewa taki dubu biyu, kowace kusurwa tamkar 'yar'uwarta. Kan dakalin kaɗai ake jefo abinci. Kullum da la'asar ana sako ruwan wanke birni cikin lungun, ya taso ya fi tsawon mutum, ba ya janyewa sai bayan faɗuwar rana. Duk wanda ruwan ya tarar ba a kan dakali ba, ya tafi.

Kwana uku ina kallon su suna zaune kamar kaji a akurki. A na huɗu na tambaye su ko magina ne su ko kuwa gawarwaki masu jiran likkafani. Ɗaya ya zage ni. Baba Shekarau ya yi dariya, karon farko da na ga haƙoransa, sannan ya faɗa mini abin da dukansu suka sani. Mahaifinsa na cikin waɗanda suka gina Zobe a zamanin kakan sarki. Dutse ya ƙare musu a ƙarshen aiki, sai suka toshe katangar waje ta kusurwar ƙarshe da tubalin laka, suka yi mata yaɓe mai kauri irin na sauran, ba mai iya bambancewa da ido. Kusurwar ita ce mai fuskantar dakali daga can ɗaya ɓangaren. Matsalar, ba wanda ya san gefe nawa Zobe ke da shi, balle a san ta nawa ce. Wani ya ce goma sha takwas, wani ya ce ashirin da huɗu. Biyu daga cikinsu sun tafi ƙirgawa, ruwa ya dawo da su a kumbure. Kuma nisan ya wuce a je a dawo. Wanda ya tafi, ko ya fasa daidai kafin la'asar, ko ya mutu.

Na ce musu ba sai an kewaya ba, kusurwar da muke zaune a kanta za ta faɗa mana. Suka dube ni kamar na zautu.

Da safe, bayan ƙasa ta tsane, na warware zare daga bakin zanena. Na miƙe shi a jikin katangar ciki, na bi ta sak har na wuce kusurwa da taki biyu, zaren na tafiya miƙe, katangar kuma ta karkata ta rabu da shi. Na auna taki biyu daidai a jikin katangar da ta karkata, na karya kara daidai tazarar da ke tsakanin nan da bakin zaren. Karan nan shi ne karkata ɗaya. Sai na kafa ƙashi a tsakiyar lungu, na ɗaura masa zaren mai taki biyu, na zana da'ira a laka. Na riƙa ɗora karan a bakin da'irar, kai da kai, ina kewayawa, tsofaffin na ƙirgawa da ni. A na ashirin bakin karan ya faɗa daidai inda na fara. Baba Shekarau ya ce in sake. Na sake, sannan shi ma ya karɓa ya yi da hannunsa. Ashirin. Karkata ashirin ke cika juyi guda, ke nan gefe ashirin ne, kusurwar da ke fuskantarmu kuwa ita ce ta goma, ko ta dama aka bi ko ta hagu.

Ɗaya daga cikin tsofaffin ya ce shi kam ba zai ɗora ransa a kan kara da zaren mace ba. Ban ja da shi ba. Muka tara ragowar abincin kwana biyu, gari na wayewa mu huɗu muka sauka daga dakali.

Taki dubu ashirin ba komai ba ne ga mai lafiya, amma ga mutanen da suka shekara a zaune, kowane gefe ƙasa guda ce. Ina ƙulla zare a kowace kusurwa don kada ƙirga ta ruɗe. A ta shida ƙafar Baba Shekarau ta soma ja. A ta takwas ya zauna, ya ce mu tafi, shi ya gode da ya mutu yana tafiya. Na ce masa, "Baba, ban murɗa igiya hamsin da huɗu don in bar ka a nan ba." Bai gane abin da nake nufi ba, bai kuma sami bakin tambaya ba, don na riga na goya shi. Ba shi da nauyi, kamar damin kara.

Muka iso ta goma rana ta ɗan gota tsaka. Na ƙirga ƙullin zare sau biyu. Na ƙwanƙwasa katanga da madaɓi, ta amsa kamar dutse. Na ciro shuɗin dutsen sarki daga wuyana, na sa kusurwarsa a jikin yaɓe, ɗaya daga tsofaffin na riƙewa ni ina bugu da madaɓi. Yaɓen na fita ɓarɓashi ɓarɓashi. Muka ci zurfin taƙi guda na hannu, ba laka. Kusurwar dutsen ta dakushe, na juya wata, yana da biyar ai. Muka ci taƙi biyu, ba laka. Inuwa ta soma hawa katangar gabas. Wanda ke riƙe mini dutsen ya fashe da kuka, ya ce na kashe su. Na ce ya riƙe da kyau, in kuka zai yi ya yi yana riƙe.

Baba Shekarau ne ya fara ji. Yana kwance kusa da ramin, sai ya ɗaga kai ya shaƙa, ya ce yana jin ƙanshin tsohuwar laka da ciyawa. Bugu uku bayan haka dutsen ya nutse cikin abu mai taushi. Muka afka da hannu, da farce, da madaɓi, muna zaro tubali ɗaya bayan ɗaya. Haske ya ɓullo kamar ƙwayar gero, ya zama kamar faifai. A lokacin muka ji ƙarar ruwa daga nesa, kamar garken shanu ya ɓalle.

Na tura Baba Shekarau ya fita, na tura na biyu. Na uku ya maƙale a kafaɗa, na sa ƙafa na danna shi ya wuce. Ina sa kaina cikin ramin ruwa ya iso. Ya ɗauke ni ya watso ni waje kamar ƙwallon goruba, bakina ya haɗu da dutse, nan na bar haƙorana biyu. Katangar lakar ta biyo bayana gaba ɗaya, ruwan birni ya malale cikin fadama. Tun daga ranar ruwa bai ƙara wuce gwiwa a cikin Zobe ba, har tsohon da ya ƙi binmu ya fito da ƙafarsa bayan kwana biyu, yana cewa dama shi ya san ashirin ne.

Tsofaffin suka ce mu ƙetare kogi tun ba a farga ba. Na ce su yi gaba, ina da sauran aiki. Na wanke jinin bakina, na nufi mafasar dutse.

Ban taɓa ganin wuri irinsa ba. An cinye rabin tsauni, mutane dubbai fari fat da ƙura, ga shuɗin dutse mai gefe biyar an tara shi tsibi tsibi har ya fi gidaje tsawo. Lokacin cin abinci ne. Na ɗebi huɗu daga tsibi, na zauna a tsakiyar mutanen na jera uku, na miƙa na huɗu ga wanda ke kusa da ni, na ce ya sa mini shi. Ya juya, ya juya, ya miƙa wa na gefensa. Kafin wani lokaci ko'ina ka duba mutane ne a tsugune da duwatsu huɗu a gabansu. Shekara bakwai suna sassaƙa su, ba wanda aka taɓa bari ya jera ko uku. An ce musu maginan ne ba su iya ba.

Shugaban masu tsaro ya zo da bulala yana tambayar wa ya tsayar da aiki. Aka nuna ni. Na ce masa ya doke ni in ya so, amma ya fara sa dutsen nan tukuna. Ya karɓa don ya kunyata ni. Ya daɗe a tsugune, ya sauya duwatsu sau uku ko na farkon ne ba su da kyau, har gumi ya jiƙa masa riga. Daga baya na ji cewa ƙannensa biyu tsaunin ya danne. Ya ajiye dutsen a hankali, ya ajiye bulalar a kansa, ya ce hadari na haɗuwa a gabas, mai gona ya san inda gonarsa take.

Ba a yi faɗa ba, ba a ƙona komai ba. Mutane suka ajiye guduma suka kama hanya, ƙungiya ƙungiya, kowa da dutse huɗu a ƙunshe don ya nuna a ƙauyensu. Sarki ya aiko mayaƙa, mayaƙan suka tarar da iyayensu da yayyensu a hanya, suka taya su ɗaukar kaya. Cikin kwana goma mafasar ta zama ta ƙadangaru.

Na zauna a ƙauyen Baba Shekarau, ƙetaren kogi, na yi wa 'yarsa daɓen ɗaki, ya kwanta a kai wata bakwai kafin ya cika a cikin jikokinsa. Bayan girbi sai ga Gwadabe da kansa, da raƙumi da alkyabba a naɗe. Ya rame. Ya ce sarki ya yi mini afuwa, zai kuma ba ni gida da sarautar awo, abu ɗaya kawai yake so: in tsaya a gaban jama'a in ce na yi kuskuren lissafi. Ba ma sai an ci gaba da aikin ba, a dai ce mai yiwuwa ne. Ya ce kalma ɗaya ce, me za ta rage ni da shi?

Na ba shi ruwa ya sha, na sa aka ba raƙuminsa harawa. Sannan na ce, "Ka gaishe shi da kyau. Ka gaya masa duwatsu na nan tsibi, shi ma yana da hannu biyu. Ranar da ya rufe giɓin ya aiko, ni da ƙafata zan koma Zobe, ba sai an sauke ni da igiya ba."

Ya naɗe alkyabbarsa ya hau raƙumi. Shekara goma sha tara ke nan, ban sauya gida ba, ƙofata kuma na kallon hanyar birni. Har yau ban ga ɗan aike ba.